Banki ya ce akwai tsohon bashi a kan BVN ɗina alhali na biya da shinkafa: ina zan duba, wa zai gyara?

Manomin Auyo ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida dattawa da malaman wannan zaure, da fatan kowa ya wuni lafiya, ya iyali, ya aikin gona.

Ni manomin shinkafa ne a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Auyo, ina noman damina, ina kuma yin na rani a fadama. Tsadar fetur ta kai inda abin da injin ban ruwa yake sha ya kusa cinye ribar noman gaba ɗaya, shi ya sa na ƙudurta sayen inji mai aiki da hasken rana. Da yake abin da ke hannuna bai kai ba, sai na nemi wani banki a Haɗeja ya cika mini, in biya bayan girbi. Na kai musu duk takardun da suka nema, har da mutum biyu da za su tsaya mini, amma daga baya jami'in ya kira ni ya ce abin ba zai yiwu ba, domin da suka binciki lambar BVN ɗina sun tarar da bashin da ba a biya ba tun 2020, kuma wai makin da ake auna mai neman rance da shi, nawa ya yi ƙasa ƙwarai.

Abin da na sani game da wannan shekara shi ne, na shiga wata ƙungiyar manoma da damina, aka karɓi BVN ɗinmu da hotuna, aka buɗe mana asusu a wani bankin da ban taɓa taka ƙofarsa ba, sannan aka raba mana iri da taki da maganin feshi. Ambaliya ta ci wani ɓangare na gonata a shekarar, kamar yadda ta yi wa mutane da dama a yankinmu, amma duk da haka da kaka ta yi na auna buhunan shanshera da aka yanka mini, na kai wa shugaban ƙungiyar a gaban shaidu, ya rubuta a littafinsa. Takardar banki kam ba a ba kowa a cikinmu ba, kuma tun daga lokacin babu wanda ya zo mini da maganar bashi.

Ina roƙon masu ilimin abin su fahimtar da ni: a ina ne ake ajiye wannan bayani da banki ya gani, kuma shin talaka irina yana da ikon ganinsa da idonsa? Wane ne yake ba mutum wannan maki, bisa wane ma'auni? Idan kuma ya tabbata cewa an rubuta mini bashin da na riga na sauke, ƙofar wa zan buga?

Tsohon Ma'aikacin Banki, Haɗeja, ya amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya kawo mafita. Na yi aiki a sashen ba da rance kafin in ajiye aiki, kuma irin wannan magana taka ta sha zuwa teburina, don haka zan ɗan tsawaita.

Jami'in da ya kira ka ba daga kansa ya ƙago maganar ba. A Najeriya akwai kamfanoni uku da Babban Bankin Najeriya ya ba lasisin tattara tarihin bashin jama'a, wato CRC Credit Bureau da FirstCentral Credit Bureau da CreditRegistry. Waɗannan kamfanoni ba sa ba da rance, ba sa bin kowa bashi, kuma ba su ne suke yanke hukuncin a ba ka ko a hana ka ba. Aikinsu shi ne su karɓi bayanan da bankuna da ƙananan bankuna da sauran masu ba da rance suke aiko musu, galibi duk wata, su haɗa na kowane mutum wuri guda a ƙarƙashin lambarsa ta BVN, sannan su nuna wa wanda doka ta yarda ya gani. Dokar da ta tsara aikin ita ce ta 2017, wadda Farfesa Yemi Osinbajo ya sa wa hannu a watan Mayun shekarar lokacin yana muƙaddashin shugaban ƙasa. Ban da su, Babban Bankin yana da nasa rumbun da bankuna suke shigar da rancen da suka bayar, kuma ƙa'ida ta wajabta wa banki ya duba rahoton aƙalla biyu daga cikin kamfanonin nan uku kafin ya ba mutum ko kwabo.

Amsar tambayarka ta farko ita ce, ƙwarai kana da ikon gani. Dokar ta ba kowane mutum damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara, kuma idan yana son ƙari a cikin shekarar sai ya biya. Ana nema ta shafin kowane kamfani a intanet, inda za a buƙaci BVN da cikakken suna da ranar haihuwa da lambar waya da adireshin imel, domin a nan ake turo takardar. Inda mutanenmu na karkara suka fi cijewa shi ne layin waya: sau da yawa layin da aka yi rajistar BVN da shi ya ɓace tuntuni, ko kuma na wani ɗan'uwa ne da ya tafi ci-rani. Idan haka ne, ka fara zuwa bankinka da katin NIN a gyara lambar wayar tukuna. Idan ba ka saba da intanet ba, ka zauna kusa da ɗanka ko wani amintacce a cike a gabanka, kuma ka sani cewa neman rahoto bai buƙatar lambar sirrin katin ATM ɗinka ko kaɗan, duk wanda ya tambaye ka ita a shagon kwamfuta wani abu daban yake nema.

Shawarata ita ce ka nemi na dukkan ukun, kada ka tsaya a kan ɗaya. Ba kowane mai ba da rance ne yake aika wa dukkansu bayani a lokaci guda ba, don haka yana yiwuwa ɗaya ya nuna an rufe bashi, ɗaya kuma ya nuna yana nan, kuma wannan saɓani shi kansa hujja ne a hannunka.

Idan takardar ta zo, kada idonka ya ruga kan maki. Ka fara da bayanan kanka, ka tabbatar suna da ranar haihuwa da adireshi naka ne, domin a ƙasar da masu suna iri ɗaya suka yi yawa kamar tamu, haɗa bayanan mutum biyu ba baƙon abu ba ne, musamman a tsofaffin bayanan da aka shigar kafin BVN ta kankama, ita kuwa a 2014 aka fara ta. Daga nan ka bi rancen ɗaya bayan ɗaya: sunan bankin da ya bayar, ranar da aka buɗe, nawa aka bayar, nawa ya rage, kwana nawa aka yi ba a biya ba, da kuma matsayin da aka sa shi. A rancen banki na yau da kullum, bashin da ya wuce kwana 90 ba a biya ba ya fita daga sahun masu lafiya, idan ya wuce 180 ya shiga sahun waɗanda ake kokwanton dawowarsu, idan ya haura 360 sai a lissafa shi cikin asara. Mutane da yawa suna jin an ce banki ya lissafa bashi cikin asara sai su ɗauka an yafe, alhali wannan lissafin cikin gida ne na banki, mai bashi yana nan da bashinsa. A ƙarshen rahoton za ka ga jerin waɗanda suka binciki sunanka da ranakun da suka yi, kuma idan ka ga wani kamfanin da ba ka taɓa neman komai a wurinsa ba, to mai yiwuwa wani ya yi amfani da lambarka.

Game da shinkafar da ka kai, nan ne gizo yake saƙa. Yawancin shirye-shiryen ba manoma kayan noma na waɗancan shekaru an gina su ne a kan tsari irin na Anchor Borrowers, wanda aka ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamban 2015. A irin wannan tsari, rancen yana kan sunan kowane manomi ne a asusun da aka buɗe masa, ko da bai ga tsabar kuɗi ba sai taki da iri, shi kuma yana biya da amfanin gona, wanda ya karɓi amfanin shi ne zai mayar da shi kuɗi ya zuba a wancan asusu. Idan buhunan sun tsaya a hanya, ko an sayar an zuba kuɗin a dunƙule ba tare da an rarraba wa kowane suna nasa ba, ko an yi musu farashin da bai rufe bashin ba, to a idon banki ba ka biya ba, domin shi ba ya ganin buhu, abin da ya shiga asusu kawai yake gani. Saboda haka abu na biyu da za ka nema bayan rahoton shi ne cikakken bayanin shige da ficen wancan asusu tun ranar da aka buɗe shi. Sunan bankin yana cikin rahoton, kuma haƙƙinka ne su ba ka.

Sakatariyar Ƙungiyar Mata, Ringim, ta amsa:

Assalamu alaikum. Baba ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya saka da alheri. Ni zan taɓa maganar maki ne, saboda ina riƙe da takardun ƙungiyar mata masu gyaran shinkafa da masu man gyaɗa, kuma mun sha karo da shi.

Malam, babu wani mutum da yake zama ya ba ka maki. Kwamfuta ce take lissafa shi daga abin da ke cikin rahoton, kuma kowane kamfani da irin ma'auninsa: na CRC yana tafiya daga 300 zuwa 850, na CreditRegistry kuma daga 100 zuwa 999, don haka mutum ɗaya zai iya samun lamba biyu mabambanta a rana ɗaya ba tare da an yi kuskure ba, kuma kwatanta 600 na wannan da 600 na wancan ba shi da ma'ana. Tsarin 300 zuwa 850 daga kamfanin FICO na Amurka ya samo asali, kuma a can sun bayyana yadda suke raba nauyin: kashi 35 cikin ɗari na yadda mutum ya saba biya a kan lokaci, kashi 30 na yawan bashin da ke kansa, kashi 15 na daɗewar tarihinsa, sai kashi 10 na sababbin rancen da ya nema, da kashi 10 na ire-iren rancen da ya taɓa ɗauka. Wannan rabo na Amurka ne, amma ya isa ya nuna maka cewa biya a kan lokaci shi ne kan gaba, kuma bashi guda da ya shekara biyar a buɗe ya isa ya danne komai.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne abin da makin bai gani. A cikin matanmu akwai wadda ta shekara da shekaru tana zubin adashi ba ta taɓa tsallake mako ba, tana karɓar shanshera bashi daga hannun 'yan kasuwar Gujungu ta gyara ta sayar ta biya, duk unguwa an shaide ta, amma da aka nemi rahotonta sai aka tarar babu komai a ciki, domin adashi da bashin kasuwa da bashin kaka ba sa zuwa wurin waɗannan kamfanoni. Rahoto marar komai ba laifi ba ne, sai dai bai yi wa mai shi shaida ba, kuma wasu bankuna suna ɗari-ɗari da shi. Abin da muka koma yi shi ne, kuɗin ciniki ya riƙa bi ta asusu maimakon ƙulli a gefen zane, sannan wadda take da buƙata ta gaskiya ta fara da ƙaramin rance a ƙaramin banki mai lasisi, ta biya kafin ranar da aka sa.

Akwai kuma wata ɓarna da ke yaɗuwa a gidajenmu. Yaro zai ɗauki wayar mahaifiyarsa da BVN ɗinta ya ci bashin dubu biyar ko goma a manhajar waya, ya cire layin ya jefar, yana ganin shi ke nan. Wasu daga cikin masu manhajojin nan suna aika bayani ga kamfanonin tarihin bashi, sai uwa ta zo neman jari bayan shekara biyu a ce mata sunanta ya ɓaci a kan kuɗin da ba su taka kara sun karya ba. Haka nan masu yawo ƙauye-ƙauye suna karɓar BVN da sunan za a ba da tallafi. Wanda kuma ya sa hannu ya tsaya wa wani, ya sani cewa tsayawar tana iya bayyana a nasa rahoton, kuma idan wancan ya gaza, shi za a waiwaya.

Manomin Auyo ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, ranka ya daɗe, na gode Malama, Allah ya ƙara basira. Maganarku ta tayar mini da wasu tambayoyi. Da na ba wani labarin a kasuwa, sai ya ce ya san wanda zai goge sunana daga kwamfuta cikin kwana biyu idan na ba da wani abu, wani kuma ya ce in rabu da wahala in je wani banki in buɗe sabon asusu da sabuwar BVN. Na uku shi ne ya fi tayar mini da hankali, domin ya ce muddin bashin yana nan, ranar da na sayar da shinkafa aka turo mini kuɗi, za a iya kwashe su daga asusuna na yanzu ko da ba a bankin da ake bi na yake ba. Wanne ne gaskiya a cikin waɗannan?

Tsohon Ma'aikacin Banki, Haɗeja, ya amsa:

Malam, na farko ɗan damfara ne ko ɗan aiken ɗan damfara. Kamfanin tarihin bashi ba ya canja bayani sai bankin da ya aiko shi ya tabbatar da gyaran, kuma ko da a ce wani ya taɓa wani abu a ɓoye, bayanin wata mai zuwa zai sake zuwa daga banki ya mayar da shi yadda yake. Kuɗinka kawai za su tafi, tare da BVN ɗinka da ranar haihuwarka a hannun wanda bai kamata ba.

Na biyu shawara ce mai jefa mutum cikin abin da ya fi bashi muni. BVN da zanen yatsu da hoton fuska aka ɗaure ta, mutum ɗaya lamba ɗaya, kuma duk asusun da ka buɗe a kowane banki a ƙarƙashinta zai zauna. Yunƙurin yin ta biyu da wani suna zamba ce, kuma akwai jerin sunaye na daban da bankuna suke sa waɗanda aka kama da zamba, wanda ba shi da alaƙa da rahoton bashi. Wanda bashi ya makale masa yana ci gaba da hulɗa da banki kamar kowa, amma wanda ya shiga wancan jeri ana iya taƙaita masa hulɗar kanta.

Na uku yana da gaskiya, amma da sharaɗi. Tun ranar 1 ga Agustan 2020 Babban Bankin ya fara aiki da tsarin da ake kira GSI, wanda ya ba bankin da ke bin mutum bashi damar cire abin da lokacin biyansa ya wuce daga sauran asusun da ke ɗaure da BVN ɗinsa a wasu bankuna. Sharaɗin shi ne mai karɓar rancen ya sa hannu a kan takardar amincewa da hakan, kuma abin da aka yarda a cire shi ne uwar kuɗi da ruwan da ya taru, ban da tarar jinkiri. Da yake a irin rajistar ƙungiya mutane suna dangwala hannu a kan takardu da yawa a rana ɗaya, ka nemi bankin ya nuna maka kwafin duk abin da ka sa wa hannu, kuma ka yi haka kafin kuɗin kaka su shigo, ba bayan sun shigo ba.

Ga yadda ake bin gyara. Idan bayanin asusun ya nuna an zuba kuɗi bashin ya rufu, amma rahoto bai nuna ba, aikin mai sauƙi ne: ka rubuta wa bankin takardar koke, ka nemi takardar shaidar cewa ba a bin ka komai, ka buƙaci su aika gyara ga kamfanonin uku, sannan kai ma ka shigar da ƙorafi a wurin kamfanin da ya nuna kuskuren ka haɗa da kwafin shaidar, domin doka ta ɗora masa alhakin bincike. Idan kuwa asusun ya nuna ba a zuba komai ba, to maganarka da wanda ya karɓi buhunan ce, kuma a nan littafin shugaban ƙungiya da shaidunka su ne jarinka. Ka ɗauki hoton shafin da aka rubuta sunanka tun littafin bai yi ƙafa ba, ka nemi sauran 'yan ƙungiya su ma su duba nasu, domin da wuya a ce kai kaɗai abin ya shafa, kuma koken mutum ashirin a gaban dagaci ko hakimi ya fi na mutum ɗaya nauyi. Kowace takarda ka kai banki, ka riƙe kwafi a buga maka hatimi da kwanan wata, ka kuma karɓi lambar koke. Idan banki ya yi biris, sai ka kai maganar sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin, wanda yake da reshe a Dutse da Kano, kuma abin da za su fara tambayarka shi ne shaidar cewa ka fara kai kuka bankin.

Wani abu da ya kamata ka shirya wa zuciyarka: idan bashin na gaskiya ne aka biya shi a makare, biyan ba ya share tarihin, sai dai ya mayar da shi rufaffe. Dokar 2017 ta sa kamfanonin su riƙe bayani na aƙalla shekara shida kafin su mayar da shi ma'ajiya. Amma a wurin mai duba takardar rance, tazarar da ke tsakanin bashin da aka makara aka biya da wanda aka yi watsi da shi babba ce, kuma maki yana farfaɗowa a hankali idan sabon tarihi mai kyau ya fara taruwa.

Dattijo daga Kura ya amsa:

Assalamu alaikum. Na karanta duka, kuma ban saɓa da komai a bayanin tsohon ma'aikacin banki ba ta fuskar ƙa'ida, sai dai ina ganin akwai ɓangaren da ba a faɗa ba, kuma mu manoma ya kamata mu faɗa wa kanmu. A nan yankin Kadawa, lokacin da ake rabon kayan nan, kalmar da ta fi yawo a bakin mutane ita ce rabonmu ne na gwamnati, kuma da yawa sun karɓi taki suka sayar a bakin titi a ranar, ba su da ko niyyar biya. Wannan ɗabi'a ita ce ta shafa wa masu gaskiya irin ɗan'uwanmu na Auyo kashin kaji, domin a ƙungiyoyi da dama 'yan ƙungiya lamunin juna suka yi, kuma idan aka zuba kuɗi a dunƙule, wanda ya biya da wanda bai biya ba sai su cakuɗe. Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, don haka cin bashi ba abin kunya ba ne, ƙin biya ne abin kunya, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kira jinkirin mai hali zalunci. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani kuwa, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma da ƙungiyoyinmu sun riƙe ta a wajen biya kamar yadda ake riƙe takardu a wajen karɓa, da kowa ya fita da rasit a hannu.

Duk da haka ina da ƙorafi a kan tsarin kansa. Kwamfutar da ke lissafa maki ba ta bambance wanda ya sayar da taki da wanda ruwa ya shanye gonarsa a 2020 ko 2022, kwanakin jinkiri kawai take ƙirgawa, alhali aya ta 280 a surar nan ta ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Irin waɗannan rance ana haɗa su da inshorar noma, kuma kuɗin inshorar yana cikin abin da aka ɗora wa manomi, amma manoma kaɗan ne aka sanar da su cewa idan ambaliya ta zo akwai rahoton da ya kamata a kai da wuri domin a zo a ga ɓarnar. Don haka ɗana na Auyo, idan ka karɓi bayanin asusun nan, ka duba ko an cire kuɗin inshora, ka kuma tambaya a rubuce ko an taɓa neman diyya da sunan ƙungiyarku.

Ga masu cewa su ba ruwansu da wannan magana tunda ba sa cin bashi mai ruwa, ina tunatar da su cewa bankunan da ba sa hulɗa da riba, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, su ma a ƙarƙashin Babban Bankin suke, kuma kafin su saya wa mutum inji su sayar masa da riba sananniya ya biya a hankali, wannan rahoton dai za su duba.

Sakatariyar Ƙungiyar Mata, Ringim, ta ƙara da cewa:

Baba na Kura, maganar saurara wa mai ƙunci tana da hanyarta ko a banki, sai dai dole mutum ya nema tun kwanakin ba su taru ba. Idan manomi ya je da kansa a makon da ruwa ya ci gonar, da hotuna da takardar mai unguwa ko ta malamin gona, ya nemi a sake tsara masa lokacin biya, kuma bankin ya amince a rubuce, to sabon jadawalin ne za a riƙa auna shi da shi. Wanda ya yi shiru yana jiran a zo a tambaye shi, kwanakin suna tafiya ne a kansa ko ya sani ko bai sani ba.

Malam na Auyo, ka lura da lokaci. Tunda bankuna wata-wata suke aika bayani, ko yau aka amince da gyaranka, zai iya ɗaukar makonni kafin ya bayyana a dukkan rahotannin, shi kuwa noman rani ba ya jiran kowa. Kada ka bi bankuna ɗaya bayan ɗaya kana cike takardar neman rance a wannan tsakanin, domin kowane bincike da mai ba da rance ya yi yana shiga rahoton, kuma yawansu a ɗan lokaci yana sa a ɗauke ka a matsayin wanda ya matsu. Duba rahotonka da kai da kanka ka yi ba ya rage maka maki. Mu a ƙungiyarmu mun tsayar da watan Agusta, lokacin da aikin gona ya ɗan lafa kuma kuɗin kaka ba su fara shigowa ba, kowace mace ta karɓi nata na kyauta mu zauna mu karanta tare, wadda aka ga matsala a nata a rubuta mata koke a ranar. Idan ka samu takardar shaidar biya daga wancan banki kafin gyaran ya fito, ka kai wa jami'in Haɗeja kwafinta ka nemi ya haɗa da takardunka ya sake gabatar da su, domin wasu bankunan suna karɓar ta a matsayin hujja ba sai sun jira sabon rahoto ba.